Birij: caca ce ko gwajin hankali?

Shin duk wasan da aka yi da karta caca ne? Tambayar da ke tasowa ke nan a gidaje da majalisun Kaduna duk lokacin da aka ga matashi ya duƙufa a kan waya, katuna jere a fuskarta, aka tambaye shi ya ce birij yake bugawa. Ban ga laifin iyayen da gabansu ke faɗuwa ba. Shagunan cacar ƙwallo sun bazu daga Kawo har Kakuri, kuma da wuya ka sami unguwar da ba a san gidan da abin ya taɓa ba: kuɗin makaranta ya salwanta, jarin sana'a ya narke, an sayar da waya an biya bashi. Shi ya sa da zarar an ga karta sai a yi wa komai kuɗin goro.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya sa mu tsaya mu duba. Tun 1999 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar birij ta duniya a matsayin hukumar wasanni. A 2018 an saka birij cikin wasannin nahiyar Asiya a Jakarta, aka raba zinare da azurfa da tagulla kamar yadda ake ba masu gudu da tsalle. A 2023 kuma gasar duniya ta zo nahiyarmu, birnin Marrakesh na Maroko, inda Suwizalan ta doke Norwe a wasan ƙarshe. To me ake aunawa a wasan nan, in ba sa'a ba? Amsar tana cikin yadda ake tayi, da yadda ake buga katin bayan an gama tayin.

Yadda wasan yake

Mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa: Arewa da Kudu ɓangare ɗaya, Gabas da Yamma ɓangare ɗaya. Karta ce mai kati 52, ba Whot mai da'ira da tauraro da muka saba da ita ba, kuma kowa kati 13 yake samu. Iri huɗu ne: sifed ♠, zuciya ♥, daimon ♦ da kulob ♣. A kowane iri es ne babba, sai sarki, sai sarauniya, sai jak, sannan 10 har ƙasa zuwa 2.

Zagaye 13 ake bugawa. Mutum ya jefa kati, sauran ukun su bi da irinsa in suna da shi, mafi girma ya ci zagayen. Wanda irin ya ƙare masa yana iya yankewa da turam, wato irin da aka naɗa ya fi sauran ƙarfi a wannan rabon. Ko 2 ce ta turam, tana kayar da es na wani iri.

Naɗin turam ɗin a wurin tayi ake yin sa. Kafin a jefa kati ko ɗaya, sai an yi gwanjo. Kowa ya faɗi lamba daga 1 zuwa 7 haɗe da iri, ko ya ce babu-turam. Lambar ƙari ce a kan shida, don haka wanda ya ce "sifed 4" ya ɗauki alkawarin shi da abokinsa za su ci zagaye 10 cikin 13, sifed na turam. Kowane tayi sai ya ɗara na baya. Idan bayan wani tayi mutum uku suka wuce a jere ba su ɗara shi ba, wannan tayin ƙarshe ya zama alkawari. Da zarar an jefa katin farko, abokin mai alkawarin ya shimfiɗa katunansa duka a tebur kowa na gani, ya zama ɗan kallo. Mai alkawari ya buga hannu biyu shi kaɗai, sauran biyun su haɗa kai su kayar da shi.

Tushen wasan wani tsohon wasan karta ne na Ingila da ake kira wist. Tsarin lissafin da ake bi yau kuwa Harold Vanderbilt, wani attajiri Ba'amurke, ya tsara shi a 1925 yana cikin tafiya a jirgin ruwa. Ƙa'idar da ya ɗora tsarin a kanta ita ce babban lada sai a kan abin da ka yi alkawari. Ka ɗauki takwas ka ci goma, ba za a ba ka garaɓasar mai goma ba. Ka ɗauki goma ka ci tara, ka faɗi, abokan hamayya su kwashi maki. Tsakanin tsoro da haɗama, nan duk wahalar take.

Tayi magana ce, ba cika baki ba

Wannan shi ne wurin da mai kallo daga waje ya fi kasa fahimta. Yana zaton tayi irin na ɗan caca ne, kowa ya ƙara a kan na wani don ya razana shi. Alhali yawancin tayin saƙo ne zuwa ga abokin wasa. Tayi 35 ne kawai ake da su, daga kulob 1 zuwa babu-turam 7, sai kalmomi uku: na wuce, na ninka, na sake ninkawa (ninkawa tana ƙara makin da za a samu in an ci alkawarin, da wanda za a biya in an faɗi). Da waɗannan 38 za ka bayyana wa abokinka abin da ke hannunka, alhali yawan hannuwa daban-daban da mutum zai iya samu ya haura biliyan 635. Ba a yarda ka ƙara ko kalma ɗaya ba, balle ƙifta ido.

Ma'aunin farko da ake koya wa kowa shi ne ƙirga maki: es 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1. Duk kartar maki 40 ke cikinta. Milton Work ne ya yaɗa wannan ma'auni, Charles Goren kuma ya kai shi kowane gida a Amurka. Wanda ke da 12 ko 13 yakan buɗe tayi. In hannu biyu suka haɗa 25 ko 26, galibi sun isa abin da ake kira gem, wato babu-turam 3, ko zuciya 4, ko sifed 4, matakin da garaɓasa ke tsalle daga 50 zuwa 300 ko 500. In suka kai wajen 33 sai su fara hangen zagaye 12, wanda ake kira ƙaramin silam.

Bari mu ɗauki rabo ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Yamma ne ya raba, ya duba hannunsa ya wuce. Arewa ya wuce, Gabas ma haka. Ga abin da ke hannun Kudu: sifed es, sarauniya, 7, 4; zuciya sarki, jak, 3; daimon es, jak, 5; kulob jak, 6, 2. Maki 16, kuma babu irin da ya yi tsawo ko gajarta sosai. A tsarin da ya fi yaɗuwa, irin wannan hannu mai maki 15 zuwa 17 da babu-turam 1 ake buɗe shi. Da tayi ɗaya tak ya gaya wa abokinsa ƙarfinsa da fasalinsa.

Arewa yana riƙe da sifed sarki, jak, 6, 3. Zuciya 8, 4, 2. Daimon sarki, sarauniya, 7, 4. Kulob 7 da 5. Maki 9. Sai ya ce kulob 2, alhali kulob ne mafi rauni a hannunsa. Ba kulob yake nufi ba. Tambaya ce da aka yi ittifaƙi a kanta, wadda ke ɗauke da sunan Sam Stayman tun shekarun 1940: kana da kati huɗu a zuciya ko sifed? Kudu ya amsa da sifed 2. Yanzu Arewa ya san suna da sifed takwas tsakaninsu, makinsu kuma yana tsakanin 24 da 26. Bai isa ya yanke shi kaɗai ba, sai ya ce sifed 3: in kana sama-sama ka ƙarasa, in kana ƙasa ka tsaya.

Kudu kuwa yana tsakiya cif, 16. Ya ƙarasa zuwa 4 ko ya tsaya? Katunan ba za su ba shi amsa ba. Sai ya san irin gasar da yake ciki.

Inda aka cire sa'ar rabo

A gasa, ba a tara katin a cakuɗe shi bayan kowane zagaye. Kowa gabansa yake ajiye nasa, in an gama a mayar da hannuwan huɗu cikin wata 'yar ma'ajiya mai aljihu huɗu, a miƙa wa tebur na gaba su buga rabon nan daidai yadda yake. Kamar jarrabawa ce: takardar tambaya ɗaya aka raba wa kowa, ba wanda zai ce tasa ta fi wuya. Ba a tambayar ko ka sami es huɗu. Ana tambayar me ka yi da katin nan, in an gwada da waɗanda suka riƙe shi sak a wani tebur. Wanda aka ba ruɓaɓɓen hannu, in ya hana abokan hamayya zagaye ɗaya da sauran suka bari, shi ne ya yi nasara a wannan rabon.

Wannan shi ne babban bambancin, kuma a ganina duk wanda zai yanke hukunci a kan birij bai san wannan ba, bai san abin da yake yanke wa hukunci ba.

Hanyar gwadawar iri biyu ce. A gasar ƙungiyoyi, irin ta kofin Bermuda, wato gasar duniya da aka fara a 1950, ana duba girman tazarar maki tsakanin tebur biyu, a mayar da ita ma'aunin da ake kira IMP. A ce Arewa da Kudu suna cikin hatsari, wato matsayin da riba da asara duka ke ƙaruwa. In Kudu ya je sifed 4 ya ci, maki 620. In ya tsaya a 3 ya ci zagaye goman nan, 170 kawai. Tazarar 450 ce, IMP 10. In kuma tara ce kaɗai ke ciwuwa, wanda ya je 4 ya yi asarar 100, wanda ya tsaya ya sami 140, tazarar 240, IMP 6. Ribar 10, asarar 6. Ma'ana ko da damar cin alkawarin ba ta wuce kashi 38 cikin ɗari ba, ƙarasawa ta fi. Ƙwararre zai je 4 yana sane da cewa faɗuwarsa za ta iya fin cinsa yawa, kuma daidai ya yi.

A gasar 'yan biyu-biyu kuwa ba a duba girman tazara. Tebur nawa ka fi, tebur nawa suka fi ka, shi ke nan. Fin wani da maki 10 daidai yake da fin sa da 500. A nan sai damar ta kai rabi kafin ƙarasawa ta biya, kuma da wannan hannu na Kudu, mai shimfiɗaɗɗen fasali da jak uku, da yawa za su tsaya a 3. Hannu ɗaya, tayi biyu, kuma kowanne daidai ne a muhallinsa.

Abin da ke biyo bayan wannan yana da wuyar haɗiya ga sabon shiga: sakamakon rabo ɗaya ba ya nuna kyawun shawara. Za ka yi tayin da ya dace ka faɗi, wani ya yi ganganci ya ci. Shi ya sa wasannin ƙarshe na manyan gasa suke ɗaukar kwanaki ana buga rabo da yawa, don gangancin ya sami lokacin da zai kama mai shi.

Buga katin: abin da shiru ya faɗa

Mu ce gasar ƙungiyoyi ce, Kudu ya je sifed 4. Yamma ya fito da es na kulob, ya bi da sarki, ya bi da sarauniya. Biyun farko sun tafi. Na ukun Kudu ya yanke da ƙaramin sifed daga shimfiɗaɗɗen hannun Arewa. Zagaye uku kawai aka yarda ya rasa, ga biyu sun wuce.

Mai alkawari na kirki ba ya taɓa kati sai ya ƙirga. Yankan nan ɗaya, sifed huɗu, daimon huɗu: tara. Na goman dole daga zuciya zai fito, inda yake da sarki da jak, es da sarauniya kuma suna waje. Da farko sai ya zare turaman abokan hamayya. Biyar ne a hannunsu, kuma lissafi ya nuna kati biyar sukan rabu uku da biyu kusan kashi 68 cikin ɗari, huɗu da ɗaya kashi 28, biyar a hannu guda kashi 4. Suka rabu uku da biyu. Ya buga daimon huɗu, ya zubar da 3 ta zuciya a kan na ƙarshe. Saura kati uku a hannunsa: turam ɗaya, sarkin zuciya da jak. Ya jawo ƙaramar zuciya daga tebur, Gabas ya saka ƙarama ba tare da ko ɗar ba.

Sarki ko jak? In es yana wurin Gabas, sarki ne zai ci. In sarauniya ce a wurin Gabas, es kuma a Yamma, jak ne zai fitar da es ɗin, sarki ya ci daga baya. Wanda bai iya ba zai ce canki-canka ne, ya rufe ido ya jefa. Wanda ya iya zai koma farkon gwanjon. Yamma ne ya raba, kuma ya wuce. Ya riga ya nuna es da sarki da sarauniya na kulob, maki 9. Da yana da es na zuciya, da makinsa 13, da ya buɗe tayi. Bai buɗe ba. Ashe es yana wurin Gabas. Kudu ya saka sarki, ya ci, turam ɗinsa na ƙarshe ya cika goma.

Dubi inda amsar ta fito: daga "na wuce" da mutum ya faɗa tun kafin a ga kati ko ɗaya. Haka wasan yake tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka faɗa shaida ne, abin da aka ƙi faɗa ma shaida ne. Ƙwararru suna ƙirga makin kowa da tsawon kowane iri a hannun kowa, har ya zamana a zagaye na takwas ko na tara suna bugawa kamar katunan a buɗe suke.

Masu tsaro su ma suna da nasu yaren, kuma aikinsu ya fi wuya tunda ba sa ganin hannun juna. Girman ƙaramin katin da ka bi da shi saƙo ne. A tsarin gargajiya, babba na nufin ci gaba da wannan iri, ƙarami na nufin sauya. Babba sannan ƙarami na iya nuna adadin katinka a irin nan cika ne, biyu ko huɗu. Mai alkawari ma yana kallon waɗannan alamu, saboda haka kullum akwai tambayar ko saƙon zai fi amfanar abokinka ko abokin hamayyarka.

Ko kwamfuta ba ta gama da wasan nan ba. Ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan dara na ces tun 1997, domin a can komai a fili yake. A birij sai a 2022 wata manhaja mai suna NooK ta doke zakarun duniya takwas a Faris, kuma a buga katin mai alkawari kaɗai aka yi gwajin. Ba a saka tayi a ciki ba.

In kowa ya shiga gwanjon

A misalinmu Gabas da Yamma shiru suka yi. A gasar zamani ba kasafai ake samun wannan sararin ba. Mai dogon iri da ƙarancin maki, a ce zuciya bakwai da maki 7, yakan buɗe da zuciya 3 kai tsaye. Ya san zai iya faɗuwa. Manufarsa ya cinye wa masu ƙarfi matakan da za su yi magana a kansu, ya tilasta musu yanke shawara a sama ba tare da sun fahimci juna ba.

Akwai kuma faɗuwa da gangan. Abokan hamayya suna cikin hatsari, za su ci 620. Kai ba ka cikin hatsari. In ka ɗara tayinsu aka ninka ka, ka gaza da zagaye uku, 500 za ka biya, ka rage asara. In ka gaza da huɗu, 800 ne, ka jawo wa kanka. Zagaye ɗaya ne tsakanin dabara da ɓarna. Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya fitar da ma'aunin da ke taimakawa a irin wannan cunkoso: in ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi kusa, ka iya hawa har adadin zagayen da ya yi daidai da yawan turaman da ke tsakaninka da abokinka. Tara tsakaninku, mataki na 3. Ba doka ce da ba ta karyewa ba, amma ta fi bin zuciya.

Amana, da waɗanda suka ci ta

Ga wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki: haramun ne kai da abokinka ku kasance da sirri. Duk ma'anar da kuka ba wani tayi sai abokan hamayya sun san ta. Akwai takardar da kowane 'yan biyu ke cikewa su ajiye a tebur, kuma in aka tambaye ka me kulob 2 na abokinka ke nufi, dole ka faɗi gaskiya duka. Kana da damar yin tayin da bai dace da hannunka ba don ka ruɗa su, da sharaɗin abokinka ma a ruɗe yake. Ko jinkiri ana hukunta shi. In abokinka ya yi dogon tunani sannan ya wuce, ka gane yana da wani abu, kuma doka ta hana ka amfani da wannan ganewar. In ka yi, alƙalin gasa zai sauya sakamakon.

Saboda wasan a kan amana ya tsaya, cin amana ya sha girgiza shi. A gasar duniya ta 1965 a Buenos Aires an zargi 'yan Ingila biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna adadin zuciyar da ke hannunsu ta yadda suke riƙe kati da yatsu. Hukumar duniya ta same su da laifi, binciken da aka yi a Ingila kuma ya wanke su. A 1975 aka kama wasu 'yan Italiya biyu suna taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur. Yanzu a manyan gasa akwai allo da ke raba tebur ta kusurwa har ƙasa, ba ka ganin abokinka, tayin ma ba da baki ake yi ba, da 'yan katuna ake ajiye shi a faranti a tura ta ƙarƙashin allon.

Duk da haka a 2015 Boye Brogeland, ɗan wasan Norwe, ya fito fili ya zargi tsofaffin abokan ƙungiyarsa biyu 'yan Isra'ila da maguɗi, ya ce shi da sauran sun sallama kofunan da suka ci tare da su. Masu sha'awar wasan a ƙasashe daban-daban suka duƙufa kan bidiyon gasa a intanet, suna lura da inda ake ajiye ma'ajiyar kati, da ko an jefa kati a tsaye ko a kwance. Manyan 'yan wasa da dama suka fuskanci dakatarwa, wasu kuma suka ɗaukaka ƙara har kotun wasanni ta duniya. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne mutum ya yar da kofin da ke hannunsa don bai yarda da yadda aka ci shi ba.

To, a wane layi za a saka shi?

Masu cewa wasanni ne suna kafa hujja da amincewar kwamitin Olamfik, da hukumar duniya da aka kafa tun 1958, da gasannin ƙasa da ƙasa. Suna nuna cewa ba sai ƙasa mai arziki ba: Pakistan, da Zia Mahmood a cikinta, ta kai wasan ƙarshe na kofin Bermuda a 1981, Afirka ta Kudu kuma ta fitar da Italiya ta kai kusa da na ƙarshe a 2007 a Shanghai. Shekaru ma ba sa hanawa. Michael Bambang Hartono na Indonesiya yana da 78 ya ci tagulla a wasannin Asiya na 2018.

Kotun Tarayyar Turai ba ta yarda ba. A 2017, a shari'ar haraji da ƙungiyar birij ta Ingila ta kai, ta ce ba za a kira shi wasan motsa jiki ba tunda motsin jikin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ba ta ce caca ce ba.

Mu a nan damuwarmu daban ce. Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa tare ni da tambaya: "Ɗana, in ba caca ba ce, me ya sa sai da karta?" Na ce, "Baba, katin kayan aiki ne kawai, abin dubawa shi ne ko kuɗi na sauya hannu." Ya girgiza kai ya ce yaron da ya saba riƙe karta, wata rana za a ce masa a sa ɗari biyu don wasan ya yi armashi. Ba zan ce bai faɗi gaskiya ba. Akwai nau'in birij da ake bugawa tebur ɗaya, ana sabon rabo kowane lokaci, kuma a wasu kulob-kulob na Landan da New York a kan kuɗi ake buga shi, wanda ya faɗi ya biya wanda ya ci. Wannan caca ce, komai ƙwarewar da ke ciki, kuma ayar Suratul Ma'ida a kan caca ba ta bar ƙofa ba. Fastoci ma a coci-cocin garin nan suna wa'azi a kanta. Inda babu kuɗi kuwa malamai sun saɓa: wasu sun hana karta gaba ɗaya saboda cin lokaci da abin da take jawowa, wasu sun yi sauƙi muddin ba ta hana salla ko wani wajibi ba, ba ta kuma haddasa zagi da gaba. Wannan hukunci nasu ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da nake roƙo shi ne a kai wa malamin cikakken bayani, a gaya masa akwai na kuɗi, akwai kuma na gasa da ake maimaita rabo.

Abin da ya shafi mai yaro a gida

Uba ko uwa ba sai sun iya wasan ba kafin su gane wanne ɗansu ke yi. Tambayoyi ne masu sauƙi. Manhajar tana neman a saka kuɗi, tana kuma alkawarin a cire riba? In haka ne, a raba shi da ita, ko da sunan birij ta zo. Yana da abokin wasa tsayayye da suke zama suna tsara ma'anar tayinsu? Zai iya bayyana dalilin da ya sa ya saka sarki bai saka jak ba? Ɗan caca labarin sa'a yake bayarwa da yadda ta kuɓuce masa. Ɗan birij ƙirga zai yi maka har ka gaji.

Hatsarin da ya rage shi ne lokaci. Rabo ɗaya minti bakwai ko takwas ne, zama ɗaya na gasa yakan kai awa uku, a waya kuma babu mai tashin ka. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gaba sai an sa masa iyaka.

Ga malamin lissafi a sakandare ko masu ƙungiyar matasa da ke son gwadawa, kayan ba su da tsada. Akwai sauƙaƙƙen nau'i da ake koya wa yara a makarantun Faransa da Holan, wanda ba a tayi: kowa ya faɗi makinsa a fili, ɓangaren da ya fi yawa ya ɗauki alkawari, a fara da koyon ƙirga da buga kati, tayi ya biyo baya. Mutum takwas sun isa gasar ƙungiyoyi. Tebur biyu, karta kamar takwas, da ambulan huɗu ga kowace karta, a rubuta Arewa, Kudu, Gabas, Yamma a bayansu. Ƙungiya ɗaya ta zauna Arewa da Kudu a tebur na farko, 'yan uwansu su zauna Gabas da Yamma a na biyu. A buga rabo huɗu a kowane tebur, a yi musayar ambulan, a sake bugawa, sannan kowace ƙungiya ta haɗu ta gwada takardunta rabo bayan rabo.